Wushiryar Habu Mai Asako

Shekara da shekaru, fito ne ke buɗe ƙofofin gidaje a unguwarmu ta Darini bayan an sha koko. Siriri ne, dogo, yakan tashi sama kamar zare, sannan ya lanƙwaso a ƙarshe. Da an ji shi mata za su kwance igiyoyi, a janye ƙyaure, shanu da tumaki su fito lungu suna bin juna kamar masu tafiya Idi. A bakin rijiyar gari za su iske mai fiton a tsaye, sanda gicciye a wuya, hannuwa biyu rataye a kanta. Sunansa Habu, amma Habu Mai Asako kowa ke ce masa.

Asako shi ne kiwon gari. Manomi ba shi da sukunin bin saniya da damina, don haka kowane gida kan saki abin da Allah ya hore masa ga mutum guda, shi ya kai su daji ya dawo da su da la'asar, in kaka ta yi a sallame shi da dami. Habu ya karɓi wannan aiki daga hannun mahaifinsa tun gemunsa bai fito ba. Ni da shi taubasai ne, uwarsa ƙanwar babana ce, saboda haka tun muna yara ba mu iya gaisawa ba sai da tsiya a ciki. Na girme shi sosai. Tsoho yake kirana, ko a gaban surukaina. Ina da saniya guda da 'yarta a garkensa, wannan ne ya sa labarin nan ya shafe ni har cikin ƙwarya.

A wurinmu ba a son fito. Gwaggona ta sha kai wa bakin Habu ludayi, tana cewa zai tara mata aljanu a tsakar gida. To amma Allah ya yi shi da wushirya. Haƙoransa biyu na gaba farare ne, manya, da 'yar siririyar ƙofa a tsakaninsu. 'Yan matan zamaninmu sun yi ta waƙar wannan wushirya a dandali, shi kuwa iska kawai yake turawa ta cikinta. Ba ya sa yatsa a baki. Zai ɗora harshe a bayan haƙoran, ya matso numfashi, sai sauti ya fita ya haye gonaki har gindin dutsen da ke yamma da gari.

Yana da fiton tafiya, yana da na shan ruwa. Akwai kuma wani, gajeru biyu sannan dogo guda, wanda a da na hadari ne. In ya ga gabas ta haɗe, sai ya yi shi, garke ya juyo gida da gudu. Da zamani ya lalace, mutanen daji suka fara fitowa bisa babura suna kore dukiyar jama'a, sai wannan fito ya zama shi ne katangarmu. Baƙi daga wajen Runka da Tsaskiya kan zo su ba mu labarin yadda suka ɗaure dabbobinsu a turke, wasu suka sayar gaba ɗaya. Mu muka ci gaba da saki, saboda Habu na iya tara garken da ya bazu a faɗin makiyaya kafin mutum ya gama naɗa rawani. Wata guzuma mai farin goshi, Kyalla, ita ke fara ɗaga kai. In ta juya, ko ɗan rago sai ya juya.

Wata kaka, bayan an gama yankan gero, Habu ya sunkuya yana cire wa wani jan bijimi kaska a wuya. Nasa ne, shi ya raine shi tun yana maraƙi. Ƙuda ya ciji bijimin, ya wurga kai, gindin ƙaho ya sami Habu a baki. Haƙoran nan biyu suka faɗi cikin yashi. Ya tsince su, ya hure musu ƙasa, ya sa a aljihu, ya ci gaba da kiwo har la'asar da gefen rawani a bakinsa.

Na je duba shi washegari. Yana zaune a zaure, leɓe ya kumbura kamar gwanda.

Na ce, "Sannu, Habu. Ashe wushiryar ce ta ƙara faɗi? Yanzu ai ko akuya ta wuce."

Ya harare ni. Da ƙyar ya ce, "Tsoho, ka jira in warke."

Matarsa Inna ta leƙo daga ciki da ƙwaryar kunu. "Yaya, ka bar shi haka nan. Tun jiya ko ruwa da karan dawa yake zuƙa."

Kumburi ya saɓe, rauni ya rufe. Da safe ya tsaya a bakin rijiya kamar kullum, ya ɗora harshe inda ya saba, ya tura numfashi. Iska ce kawai ta fita, irin wadda ake hura wuta da ita. Mata sun saki dabbobin duk da haka, don sun san lokaci. Amma a bayan gari garken ya watse, kowace ta bi son ranta, Habu na bin su da ƙafa yana ihu kamar sabon shiga. Lokacin ba a damu ba. An kwashe amfanin gona, dabbobi na cin kara da harawa a gonakin da ke jikin gari, inda mace ma za ta hango tata daga kan danga. Kowa dai ya san da damina za a gane.

Habu na da ƙane, Mannir, mai facin taya a Batsari, mutumin da bai yarda akwai abin da ba a gyarawa kafin azahar ba. Shi ya kawo masa usur irin na alƙalin ƙwallo, ya ce ai fito fito ne. Habu ya rataya shi a wuya, da rana ta take ya tsaya a bayan gari ya busa iya ƙarfinsa. Dukansu biyu sun manta cewa 'yan sa-kan garinmu sun riga sun yi shela: duk ranar da aka ji usur, mutanen daji sun shigo. Mata suka suri yara, aka bar tukwane a kan murhu. Na'ibin liman ya haye danga da butarsa a hannu. Maza suka fito da abin da hannu ya kai gare shi, har da mai taɓarya. Suka iske Habu tsaye shi kaɗai da usur a baki, shanu na ta kiwonsu, ko guda ba ta ɗaga kai ba.

An yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Da yamma Mai unguwa Musbahu ya tara masu dabbobi a ƙofar gidansa. Mutum ne mai sanyin magana.

Ya ce, "Habu, ba wanda ya ƙi ka a nan. Amma ka san in an yi shuka gonaki za su rufe, sai an bi burtali har gindin dutse. Can kuwa ba wurin da za a kai dukiyar mutane ba ne in ba a iya juyo da ita cikin ƙiftawar ido. In ruwa ya sauka fitonka bai dawo ba, kowa ya ɗaure tasa ko ya sayar. Asako ya ƙare ke nan."

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, gaskiya ka faɗa."

Mannir bai haƙura ba. Ya kai shi wurin wani mai haɗa haƙoran roba, aka yi masa guda biyu a jikin wani ɗan faifai da ke mannewa a ganɗa. A ido sun yi kyau, har sun fi na da fari. Sai dai faifan ya zauna daidai inda harshe ke zama, kuma da ya matso numfashi sai abin ya motsa. Rannan a mashaya ya ƙoƙarta da ƙarfi, haƙoran suka yi tsalle suka faɗa cikin ruwa. Kyalla ta sunsuna wurin, ta dube shi, ta ci gaba da sha. Ya lalubo su ya sa a aljihu, tare da na asalin.

'Yarsa Zuwairatu ce ta zo da wata magana. Ma'aikaciyar lafiya ce a Safana, mai natsuwa irin ta uwarta. Ta zauna a gefen tabarma ta ce, "Baba, akwai dashen haƙori. Ana kafa 'yar ƙusa a cikin ƙashin muƙamuƙi, ta zama saiwa, a ɗora haƙori a kanta. Ba ya motsi, ba a cirewa. Amma ba kowa ake yi wa ba, sai an duba mutum. Kada ka sa rai tukuna."

Ya ce, "Ƙusa? A bakina? Ɗiyata, ni ƙyaure ne?"

"Ka zo dai a duba, Baba."

Na bi su Katsina. Ina da nawa giɓin a turame, kuma ban so a kafa wa Habu ƙusa ba ni nan.

Likitar mace ce, sunanta Surayya, ba za ta girmi Zuwairatu da yawa ba. Ta gaishe mu yadda ake gaida iyaye, ta tambayi hanya, ta tambayi mutanen gida. Kafin ta ce ya buɗe baki, sai ta yi masa tambayar da ba wanda ya yi masa tun da abin ya faru.

"Baba, me kake so haƙoran nan su yi maka?"

Ya ce, "Fito."

Na ɗauka za ta yi dariya. Sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta jawo kujera, ta ce ya yi mata bayani. Habu, wanda ba ya haɗa magana uku a gaban baƙo, ya ba ta labarin burtali da Kyalla da babura, har da usur. Ya nuna mata da farce inda wushiryar take. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashinsa, aka gwada jininsa, ta duba dasashi ta ciki da waje. Sannan ta yi magana a hankali, kamar mai raba gado.

Ta ce na roba ya riga ya gani. Akwai kuma wanda ake kira gada, inda za a fiƙe lafiyayyun haƙora biyu da ke gefen giɓin a rataya sababbin a jikinsu. Yana da sauri, yana da kyau, mutane da yawa shi ya dace da su. Amma haƙoran a haɗe suke zuwa, ba ƙofa a tsakani, kuma ita tana jin nauyin taɓa haƙoran da ba su yi laifin komai ba.

"Da tauna da murmushi kawai kake nema, Baba, da mun yi wata shawarar. Kai kuwa haƙora biyu kake so, kowanne tsaye da ƙafarsa, da hanya a tsakani. Dashe ne ke ba da wannan. Ƙashinka na da kauri, ba ka da suga. Sai dai ka ji da kyau. Haƙora zan iya yi maka da yardar Allah. Fito ban yi maka alkawari ba."

Ya ce, "Na ji. A kafa."

"Ba yau ba."

Ta jawo leɓensa na ƙasa ta nuna wa Zuwairatu. Wurin ya yi baƙi, dasashin ya yi ja yana jini da an taɓa. Tun yana saurayi Habu ke cusa garin taba da kanwa a nan, battarsa ba ta rabuwa da aljihunsa. Likita ta ce ƙusa ba ta kamawa da kyau a bakin da ke shan taba, kuma ba a dashe a dasashi mai ciwo. Sai ya bar taba, a wanke masa haƙora, dasashi ya huce. Bayan an kafa kuma sai an jira watanni ƙashi ya rungumi ƙarfen kafin a ɗora masa nauyi.

Ganin an gama da shi, na matso na buɗe nawa bakin. Ta duba, ta sa aka gwada ni. Ta ce, cikin ladabi, sugana ya yi sama, kuma giɓin ya daɗe har ƙashin wurin ya zaizaye. In fara zuwa a daidaita sugan. Ni na roba zai ishe ni cin tuwo.

Habu bai taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Tun daga tasha har Batsari yake faɗa wa duk wanda ke cikin motar. "An ƙi shi! Ƙasarsa ta gaji, ko rogo ba ta yi."

Da muka isa gida ya ciro battar ya miƙa wa Inna. Bai yi rantsuwa ba, bai yi wa'azi ba. Ya ce, "Riƙe." Makonnin da suka biyo baya ba su yi wa kowa daɗi a gidan ba. Inna ta ce mini ko kaza ta gifta sai ya yi mata shari'a. Yakan tauna asawaki har ya zama igiya, ya jefar ya karyo wani. Na gan shi sau da yawa yana kai hannu aljihu, ya tsaya, ya mayar da hannun kan sanda. Abokan tabarsa a kasuwa suna miƙo masa, ya ce, "Na gode, ina da baƙo a hanya."

Jan bijimin nan kuwa ya ja shi da kansa zuwa kasuwar Batsari. Ya shafa masa wuya, daidai inda kaskar take, ya ce, "Wanda ya yi ɓarna shi ke gyara." Abin da ya rage na kuɗin dashen Zuwairatu ta cika.

Da likita ta ga dasashi ya koma kalar lafiya, ta kafa ƙusoshin biyu. Ya ce ƙayar aduwa ma ta fi su zafi. Aka rufe, aka ce ya je ya jira.

Sai ruwa ya yi sammako a shekarar. Tun ba a zata ba hadari ya haɗo daga gabas, aka kwana ana ruwa, gari ya waye da ƙamshin ƙasa, kowa ya ɗauki sungumi. A ranar da duk manomi ke murna, na ga Habu tsaye a bakin rijiya yana kallon gonaki na rufewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin da likita ta yanka masa da saura.

Mannir ya zo a kan babur, ko kashe shi bai yi ba. "Yaya, hau mu tafi. Ƙusa ta shiga, ba ta ciwo, mi ake jira? Ka ce mata ta ɗora haƙoran yau. Ai aikinka ne, kai ka biya."

Zuwairatu ta riga ta tambaya ta waya. Likita ta ce in aka ɗora kafin ƙashi ya kama, ƙusar na iya girgiɗewa, a rasa ta, wataƙila a rasa har wurin kafa wata.

Habu ya ce, "Mannir, ka taɓa kafa turke a jiƙaƙƙiyar ƙasa ka ɗaura sa a ranar?"

"Wannan ai baki ne, ba turke ba."

"Kashe mashin ɗin, kana tsorata mini kaji."

Ya tafi wurin Mai unguwa ya roƙi arziki: a ɗaure dabbobi a gida, amma kada a yanke hukunci sai gero ya kai gwiwa. Mai unguwa ya ce shi ba zai hana mai son sayarwa ba, amma zai jira. Daga ranar Habu ya ajiye sanda ya ɗauki lauje. Yakan bi gefen burtali da bakin fadama yana yankar ciyawa, ya ɗauro a ka, ya sauke a gidajen da ba su da mai yi musu: gidan gwauruwa, gidan makaho, gidan tsoho irina. Ba wanda ya sa shi. Mutum mai furfura, da giɓi a baki, yana tafe ƙarƙashin ƙunshin ciyawar da ya fi shi faɗi, ba a ganin komai sai ƙafafunsa. Na yi waƙoƙi da yawa a rayuwata, na yabi masu doki da masu mota, amma ban taɓa ganin abin da ya cancanci baiti kamar waɗannan ƙafafu biyu ba.

Duk da haka ciyawar ka ba ta ƙosar da garke. Dabbobi suka rame a turke. Salmanu, maƙwabcinsa, ya sayar da shanunsa biyu, wasu gidajen suka bi. Duk ranar da a-kori-kura ta zo ɗauka, Habu zai tsaya a gefen hanya har ta ɓace. Ya san sunan kowace da ke ciki. Bai taɓa ce wa kowa don me ba.

Ranar awon haƙora Inna ta ce za ta bi mu. Ba ta taɓa zuwa Katsina ba sai sau ɗaya, gaisuwar rasuwa. Likita ta ƙwanƙwasa ƙusoshin, ta duba sabon hoto, ta ce sun kama daram. Habu ya ciro tsofaffin haƙoransa daga aljihu, ta karɓa da murna, ta ce za su nuna mata girma da siffa. Sannan ta ce, "Saura faɗin ƙofar. Akwai hotonsa yana dariya?"

Babu. Duk hotunan Habu na katin zaɓe ne da makamantansu, fuska a murtuke kamar an kama shi da laifi. Ya nuna da farce, ya ce kamar haka, ya sake nunawa ya bambanta. Ni ma da na shekara hamsin ina yi wa wushiryar nan ba'a, na kasa.

Sai Inna ta kwance bakin mayafinta ta fito da battar taba. Ta wanke ta tas. Ta buɗe ta zazzage a tafin hannu: 'yan ƙwayoyin gero da na dawa.

Ta ce, idonta a ƙasa, "Likita, ta gero tana wucewa. Ta dawa maƙalewa take."

Likita ta ce, "Mama, ya aka yi kika sani?"

"In yana cin tumu, geron ta nan yake zubowa a gemunsa. In kuma ya ciji dawa da kaka don ya ji ko ta bushe, sai ta tsaya a wurin, ni ke miƙa masa tsinke." Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Shekara nawa ina zaune gabansa yana ci."

Zuwairatu ta juya tana kallon bango, tana danne dariya. Habu ya sunkuyar da kai yana gyaran hular da ba ta karkace ba. Likita ta ɗauki wani ɗan ma'auni, ta auna ƙwayar geron, ta auna ta dawar, ta ce tsakaninsu za ta bi.

Da aka ɗaura haƙoran aka ba shi madubi, ya daɗe yana kallo. Fuskar da muka sani ce ta dawo. Ya ɗora harshe, ya tura numfashi. Iska. Ya sake. Iska. Likita ta ce harshe ya saba da fili, sai ya sake koyon ɗakinsa.

Kwanaki yana zagayawa bayan gida, wurin rumbuna, yana gwadawa. Da farko kamar kukan ɗan tsako. Masu wucewa na jin sa suna kau da kai don kunya. Gero ya kai gwiwa, ya fara wucewa. Sai wata safiya, ina alwalar walaha, na ji wani sauti daga bakin rijiya. Ya fi na da kauri kaɗan, kuma bai lanƙwasa a ƙarshe yadda ya saba ba. Amma fito ne.

Gidaje kaɗan suka saki a ranar. Sauran suka ce sai sun gani, kuma ban ga laifinsu ba. Tambayar da ke bakin kowa ita ce ko dabbobin za su san wannan sabuwar murya in ta ɓaci. Na kwance saniyata da 'yarta na kora su waje. Inna ta saki Kyalla.

Aka yi 'yan kwanaki lafiya. Ranar da abin ya faru ina gonata da ke jikin burtali, ina maimai, rana ta karkata. Sai na ji wani gurnani daga bayan dutse, can ƙasa-ƙasa, irin na babura masu yawa in suna tafe tare. Duk wanda ya zauna a ƙasarmu a shekarun nan ya san wannan ƙara. Na tsaya da fartanya a hannu. Na san garken na can a bazu, ciyawa ta yi kyau, kowace ta yi nisa da 'yar'uwarta.

Gajeru biyu, sannan dogo.

Ya hayo gonaki ya same ni inda nake, ya wuce ni ya shiga gari. Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Sai na ji ƙasa na motsi. Kyalla ce a gaba, farin goshinta na sheƙi, tsohuwa tana gudu kamar karsana, laka na tashi a bayanta. Shanu na biye, tumaki na kutsawa ta tsakanin ƙafafunsu, saniyata da 'yarta a tsakiya. Can baya Habu, rawani ya warware, yana tafe da sassarfa yana waige. Mata suka tsaya a ƙofofi, kowace na kiran tata. Ba gidan da ya nemi tasa ya rasa.

Har yau ba mu san baburan na su wane ne ba. Ƙarar ta yi arewa ta ɓace. Wasu sun ce 'yan ɗaurin aure ne, wasu sun ce ba su ba ne. Ba wanda ya tsaya tambaya.

Washegari da fiton safe ya tashi, na ji ƙyaurayen da suka daɗe a rufe suna kuka ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa da kansa ya koro nasa har bakin rijiya. Salmanu ya tsaya hannu a baya yana kallo, daga baya ya tambayi Habu ko ya san mai karsana ta sayarwa. Garken bai kai na da ba, kuma wataƙila sai an yi shekaru kafin ya kai.

Na matsa kusa da shi na ce, "Fiton nan fa ya yi kauri, Habu. Kamar na tsohon gauraka."

Ya yi dariya, irin wadda rabona da gani tun kafin jan bijimi ya wurga kai. Hasken safiya ya ratsa ta 'yar ƙofar nan, wadda gero ke wucewa dawa ta maƙale.

Ya ce, "Tsoho, ranar kasuwa in ka sayi tsire, kawo in tauna maka."

Ya gicciya sandarsa a wuya, ya yi fiton tafiya, Kyalla ta kama burtali.